Ƙannena masu sabon diplom, kafin ku kai dosiye kabine

Duk shekara Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram tana yaye ɗalibai, kuma ko gumin sutanans bai bushe ba sai ka ga yaro ya shiga neman lambar kabinen da ke samar wa mutane aiki. Ban ce kada a je ba. A je mana. Sai dai a san wa ake zuwa wurinsa.

Kabine dillali ne, kuma dillali fuskar mai biyan la'ada yake kallo. Mai biyan nan shi ne kamfani ko ONG da ya ce a nemo masa kwantabul ko mai kula da magaza. Shi ya ba da sharuɗɗa, shi za a faranta wa. Kai da ka kawo CV a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, kana cikin kayan da za a baje masa ne ya zaɓa. Shi ya sa matar da ke tebur za ta karɓa da murmushi, ta ce "za mu kira ka", ta ɗora bisa tarin da ya kusa kai mata kafaɗa. Ba mugunta ba ce. An ce mata mai shekara 3 yana aiki ake so, kai kuwa sitaj na wata biyu gare ka.

Inda raina ke ɓaci shi ne maganar kuɗin dosiye. Sanarwa ta faɗo a gurup ɗin WhatsApp, da tambarin wata ƙungiya da aka kwafo, wai ana neman mutum 40 a Damagaram, Mirriah da Magaria, a turo jika biyar kafin Juma'a. Babu adireshi, babu ofis, lamba ɗaya ce kawai. Yaro ya je ya roƙi tsohuwarsa, ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗin adashi. Bayan an tura, lambar ta mutu. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1997, ta ce kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi hannun mai neman aiki. Ko ba ka san wannan ba, hankali ya isa: wanda ke da aikin bayarwa da gaske ba jika biyar ɗinka yake jira ba. Abin da za ka kashe na halal sananne ne, fotokofi, tambur, buga hatimi a meri, kaziye (takardar shaidar rashin laifi) daga kotu, kuɗin kabukabu. Su ma ɗin sun isa su ƙarar da aljihu.

Sannan akwai wadda ba a cika faɗi ba. In Allah ya sa an ɗauke ka ta hanyar kamfanin da ke ba da hayar ma'aikata, karanta kwantiragi da kyau, ka ga sunan wa ke sama. Sau da yawa kana tashi da asuba kana shiga babbar ma'aikata, unguwa duk ta ɗauka ka haye, alhali a takarda ma'aikacin ɗan tsakiya ne kai. Shi ke biyanka, shi ke iya cewa kada ka zo gobe. Tambayi ko za a yi maka rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata. Tambayi nawa ne zai shigo hannunka bayan an cire komai. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, kada wani ya kira aiki cikakke "sitaj" don ya sauka ƙasa da haka. Kunyar tambaya tana cin mu a garin nan, muna ganin kamar rashin godiya ce.

Mafi yawan manyan kabinoni a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, kuma wanda suka gani da ido shi suke fara tunawa. To ka aika musu ta imel, ka manta. Nan gida ka je ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka yi katin mai neman aiki, tunda sanarwa da dama suna sa shi cikin takardun da ake buƙata, ka riƙa leƙa allonsu. Ka koma wurin da ka yi sitaj ka gaida shugaban sashe, ko ba komai ya tuna fuskarka. In kawunka yana da shago a Kasuwar Dole, karɓi littafin lissafinsa ka riƙe masa na wata shida, ka sa shi ya rubuta maka takardar shaida da hatimi. Gogewar da kabine ke tambaya ke nan, kuma ba su ce dole sai ta ofis mai kilim ba.