Sukuru mai tsawon banza ya ɓata mana ranar jere

Wadirob ɗin auren ƙanwata ni na ɗauki nauyinsa, kuma wallahi har yau in na tuna ranar jeren nan sai in ji zuciyata na tafasa. Kafintan unguwarmu a Tudun Wada na fara samu, ya ce in ba shi sati uku. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san sati ukun kafinta. Sai wani abokina ya ce me zai sa in wahalar da kaina, in je in sayi irin na kwali, wanda ake kawowa a wargaje mutum ya haɗa a gida. Na je. Mai shago ya daki kwalin da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ko yaro ka ba zai haɗa. Kaurin katakonsa milimita 18 ne, komai na ciki." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da yake zan zaro kuɗi, nan take na zama Alhaji.

Ranar Alhamis muka kai kaya gidan amarya a Hanwa. Mata sun cika tsakar gida da kwanuka da labule da kafet, kowa na jiran wadirob ya tsaya, don sai ya samu wurinsa za a san inda gado zai fuskanta. Ni da ƙanena muka farke kwalaye. Takardar bayani hotuna ne zalla, an sa wa kowane sukuru harafi, amma ledojin da suka zo a ciki ko ɗigon biro babu a jikinsu. An zuba dogo da gajere wuri guda kamar gyaɗa.

Muka tayar da jikin wadirob ɗin lafiya. Da aka zo kan ƙofofi na zaɓi sukuru mafi gajarta a ledar, tunda shi hoton ya nuna, na ɗora hinjis na fara murzawa da sukundireba. A murɗa ta ƙarshe na ji ɗan ƙas. Na juya ƙofar. Ga tsinin sukuru ya leƙo ta fuskar, farar fatar ta tashi ta dare kamar ƙurji ya fashe, garin katako na zuba. Kafin in buɗe baki in ce wa ƙanena ya dakata, shi da ke da ƙarfin hannu ya riga ya ɗaure huɗu a ɗaya ƙofar. Huji biyar a gaban wadirob ɗin amarya, daidai inda idon duk mai shigowa zai fara sauka.

Na aro tef na auna. Katakon da aka rantse min 18 ne, milimita 15 ya ba ni. Sukurun kuwa 19. Ƙarfen hinjis ya ci kusan 2, saura 17 za su nutse cikin katako mai kaurin 15. Ina ragowar 2 ɗin za su je? Wannan lissafin ɗan firamare ne. A katako mai 18 sukurun nan zai zauna lafiya, da ƙyar dai amma zai zauna. Abin da na fahimta shi ne wani ya rage kaurin katako don ya ci riba, ya bar ledar sukuru yadda take, ya liƙe kwali, ya bar wa mai tsautsayi.

Kuma abin haushin, ba katakon kirki ba ne da za a ce a gyara. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne, aka shimfiɗa masa farar fata mai sheƙi. Da madaci ne, sai a zare sukurun, a cusa garin zarto da gam, a goge, a shafa fenti, ba mai ganewa. Wannan kuwa in fatar ta dare ta dare kenan. Ramin ma in ka zare ka mayar sau biyu ya daina riƙo, kuma ranar da ruwan mopa ya samu hanya ta nan, kumbura zai yi kamar burodi a shayi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mariƙan ƙofa da na durowa guda biyar ne, kowanne da sukuru biyu irin mai shiga noti. Tsawonsu milimita 40. Katako 15, ramin mariƙin bai ɗauki fiye da 10 ba. Ka ɗaure har ya ƙure, mariƙin na reto a hannunka kamar haƙorin da ya kusa fita. Masu mutunci in za su sa dogo irin wannan, sukan yi masa gaɓa-gaɓa yadda za ka kama da filaya ka karya daidai inda kake so. Namu sumul yake.

Na kira mai shago. Alhajin ya riga ya gudu daga bakinsa. "Malam, ai kai ka matse da yawa. Mun sayar da irinsa ba adadi, ba wanda ya dawo." Na ce sukuru in ya fi katako tsawo, matsewa ce ta ƙara masa tsawon? Ya ce shi ba shi ya ƙera ba, yadda aka kawo masa haka ya sayar, kuma da na biya kuɗin haɗi da yaransa sun zo sun yi. To ashe ya san da matsalar kenan! Yaran nasa sun san su ajiye na leda su zo da nasu sukurun a aljihu, ni da na yarda da maganar "ko yaro zai haɗa" ni ne wawan. Ƙofar canji fa? Babu, sai dai in sayi wani kwalin cikakke. Ya rufe da cewa kaya in sun bar shago ba sa dawowa, kamar wata aya ya jawo min.

Gwaggo ta leƙo ɗakin ta ga ƙofofi a ƙasa ta ce, "Kai yanzu wannan abin za ka kai wa ƙanwarka gaban dangin miji?" Ban iya ce mata komai ba.

Ƙarshe dai kafintan da na guje wa shi na kira, ina jin kunya. Dattijon ya zo bayan la'asar, bai yi min gori ba, wanda hakan ya fi gorin ciwo. Ya ɗauki sukuru ɗaya ya jingina shi a gefen katakon, tsinin ya zarce. Ya ce, "Ɗana, kafin ka murɗa kowane sukuru haka ake yi. In ya kai bakin katako, ajiye shi." Ya aike ni kasuwar Sabon Gari a kan acaɓa in sayo na rabin inci, wato kusan milimita 13, don a can da inci ake ciniki, ba ruwan kowa da milimitar takardarka. Mai tsini ba a yanke shi, in ji shi, in ka cire tsinin ya daina cin katako.

Na mariƙan kuwa ban samu gajerunsu ba, sai yanka. Babu wuta balle a kai wa mai walda ya datse da inji. Dattijo ya zauna a bakin ƙofa, ya fara ɗaura noti a jikin sukurun ya wuce da shi ƙasa, ya kama da filaya, ya yanke da zarton ƙarfe, ya goge bakin da magagari, sannan ya warware notin a hankali ya bi ta wurin yankan ya gyara zaren. Ba don notin ba, zaren ya murƙushe, mariƙin ba zai karɓa ba. Haka ya yi wa guda goma, ɗaya bayan ɗaya, ƙanena na haska masa da fitilar waya har aka kira isha'i. Mata ba su fara jere ba sai dare, wasu sun gaji sun tafi.

Hujin nan biyar an rufe su da sitika mai furanni da ƙawayen amarya suka samo. Kowa ya shigo sai ya ce kai, adon ya yi kyau, ita kuma sai ta kalle ni. Sukuran da suka rage na tara su a gwangwanin madara, masu milimita 19 ɗin da guntayen da aka yanke, da rasit ɗin a naɗe a sama. Ranar Litinin da safe zan je shagon da tef a aljihu, in auna masa katakonsa a gaban masu ciniki.