Zanzaron da ke kashe niyyar gudu

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi a Kumasi.

Daga cikin halittun Allah akwai wani zanzaro kore mai ƙyalli, wanda masana ke kira Ampulex compressa, ana samunsa a Afirka da kudancin Asiya, tsawonsa kamar santimita 2. Macen ce ke farautar kyankyaso, duk da ya fi ta girma. Harbinta na farko a ƙirji ne, yana kashe masa ƙafafun gaba na 'yan mintoci. Na biyu kuwa ta wuya take shigar da shi har cikin ƙwaƙwalwa, ta zuba dafinta a can, kamar yadda masu bincike suka tabbatar a shekarar 2003.

Bayan wannan harbi kyankyason ba ya mutuwa, ƙafafunsa ma suna warwarewa. Sai ya tsaya yana lasar jikinsa yana gyara kansa har kusan minti 30, alhali macen zanzaron ta tafi shirya masa rami. Ƙarfin tafiya yana nan, niyyar gudu ce aka cire masa. Idan ta dawo sai ta gutsure zaruruwan nan biyu da ke kansa, ta kama guntun ta ja shi kamar akuya da igiya, ya bi ta da ƙafarsa zuwa cikin ramin. A nan za ta ɗora masa ƙwai a ƙafa, ta toshe ƙofa da tsakuwa. Cikin kwana 3 tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta fara cinsa yana da rai. Subhanallah.

Ita wannan halitta ba ta da zunubi, abincin 'ya'yanta take nema yadda Ubangijinta ya shiryar da ita. Mu ne abin tsoro. Allah ya ba mu labari a Suratu Ibrahim, aya ta 22, cewa Shaiɗan zai ce wa mabiyansa ba shi da wani iko a kansu face ya kira su suka amsa. Dubi matashin da ya saba da shagon cacar ƙwallo ko da tiramadol: yana da lafiya, yana ado, yana zuwa kasuwar Kejetia neman kuɗi, ya kuma san inda abin zai kai shi, amma in ka ce ya bari sai ya ce maka gobe. Hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya ruwaito ya bayyana sanadin: duk zunubi baƙin ɗigo ne a zuciya, in an tuba ta wanku, in an ƙara ya ƙaru har ya lulluɓe ta.

Wani masani a Amurka, Kenneth Catania, ya nuna a 2018 cewa kyankyason da ya farga da wuri yana miƙewa kan ƙafafunsa ya doki zanzaron da ƙafar baya, kuma manyansu da yawa sukan tsira ta haka, matuƙar ba a riga an harbe su ba. Alhamdu lillah, ɗan Adam ya fi shi gata, domin ƙofar tuba a buɗe take gare shi har rai ya kai maƙogwaro. Amma wanda niyyarsa ta yi rauni yana buƙatar mai riƙe hannunsa. Iyaye da malaman makarantunmu, ku je ku sami yaran nan inda suke zama, ku kira kowanne da sunansa, kada ku tozarta shi a gaban abokansa. Wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa kuma, a haɗa masa addu'a da ganin likita.