Lambar Riga da Mai Ita: Hukuncina Kan Gwarazan Kansas City Chiefs

Na fara ɗaukar ƙwallon Amurka da muhimmanci ne a daren wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin babbar gasar ƙwallon Amurka ta NFL, na watan Fabrairun 2020, lokacin da na zauna tun ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare har wajen ƙarfe huɗu na asuba, ina kallon yadda Kansas City Chiefs ta farfaɗo daga ci 20 da 10 a zangon ƙarshe, ta doke San Francisco 49ers da ci 31 da 20. Shekara hamsin cif ƙungiyar ta yi tana jiran wannan kofi. Tun daga lokacin nake bin tarihinta, kuma a kwanakin nan muka shiga musu da wani abokina kan tambayar da magoya baya a Amurka suke yawan yi wa juna, wato wane ne gwarzon da ya fi kowa cancanta a kowace lambar riga ta ƙungiya. Shi ya kafe a kan cewa yawan kofuna ne ma'auni. Ni kuwa ina ganin wannan ma'auni yana zaluntar mutanen da suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa a shekarun da ba ta da komai, shi ya sa na ga ya dace in rubuta nawa hukuncin a fili.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin tamu ya san darajar lamba 10 ko lamba 7, amma a gasar NFL lamba ta fi haka nauyi, domin tun 1973 hukumar gasar ta raba lambobi bisa ga aikin ɗan wasa a fili, ta yadda alƙali zai gane wanda doka ta yarda ya kama ƙwallo da wanda ba ta yarda ba. Lambobin kuma ba su wuce 99 ba, alhali ƙungiya tana riƙe da 'yan wasa 53 a kakar wasa, ban da na atisaye. Chiefs ta jingine lambobi goma, wato ta daina ba kowa su, don girmama masu su: 3, 16, 18, 28, 33, 36, 58, 63, 78 da 86. Ƙarancin da wannan ya jawo yana cikin dalilan da suka sa ita ce ta gabatar da shawarar sassauta dokar lambobi a 2021, kuma aka amince.

Ma'aunina guda ɗaya ne: abin da mutum ya yi yana sanye da wannan lamba, a cikin jar rigar wannan ƙungiya, ba sunan da ya yi a wani gari ba. A lamba 15 babu gardama, ta Patrick Mahomes ce. A 2018, shekararsa ta farko a matsayin babban mai jefa ƙwallo na ƙungiyar, ya yi jifa 50 da suka haifar da ci, ya tara yadi fiye da 5,000, sannan ya ɗauki kofi a 2020 da 2023 da 2024, kuma duk sau ukun shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe. Lamba 16 kuma ta Len Dawson ce, wanda ya zo tun ƙungiyar tana birnin Dallas da sunan Texans, ya bi ta zuwa Kansas City a 1963, ya kuma ja ta ta doke Minnesota Vikings da ci 23 da 7 a Janairun 1970. Abin da ya fi burge ni game da wannan lamba ya faru ne a 1993, da Joe Montana ya baro San Francisco, inda ya ci kofi huɗu da lamba 16 a bayansa. Dawson ya yi masa tayin a sauko da lambar a ba shi, Montana ya ƙi, ya ɗauki 19. Baƙo ne da ya san gidan da ya shiga yana da mai shi. Na ba shi lamba 19 ɗin, amma saboda ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe a Janairun 1994 ne, ba don kofunan da ya taho da labarinsu daga Kalifoniya ba.

Inda ma'aunin abokina yake rushewa shi ne lamba 58. Derrick Thomas bai taɓa buga Super Bowl ba, amma a ranar 11 ga Nuwamban 1990 ya kayar da Dave Krieg, mai jifan Seattle Seahawks, har sau bakwai kafin ya saki ƙwallo, adadin da babu wanda ya kai a wasa guda a tarihin gasar. Abin takaicin shi ne, a daƙiƙar ƙarshe Thomas ya sake damƙo shi a karo na takwas, Krieg ya zille daga hannunsa, ya jefa ƙwallon da ta ba Seattle nasara da ci 17 da 16. Mutum ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya kuma kwana da baƙin cikin rashin nasara. Ya rasu a Fabrairun 2000 yana da shekara 33, bayan haɗarin mota, ya bar tarihin kayar da masu jifa sau 126 da rabi. Idan aka ce sai mai kofi ne gwarzo, to ina za a ajiye wannan mutumin?

Haka lamarin yake ga Tony Gonzalez mai lamba 88. Daga Janairun 1994 zuwa Janairun 2016 Chiefs ba ta yi nasara ko sau ɗaya ba a wasannin sili ɗaya ƙwale, kuma duk zaman Gonzalez, daga 1997 zuwa 2008, ya faɗa ne a cikin wannan farin. Duk da haka ya kama ƙwallo 916 a rigar ƙungiyar, yawanci daga hannun masu jifan da ba su kama ƙafar Mahomes ba. Sa'a ce kawai ta sa Travis Kelce, wanda yake buga wuri ɗaya da shi, ya ɗauki 87, da an sha musu marar ƙarewa. Kelce ya yi kaka bakwai a jere, daga 2016 zuwa 2022, yana haura yadi 1,000, ya kuma wuce Jerry Rice, tsohon gwarzon San Francisco, a yawan kamun ƙwallo a wasannin sili ɗaya ƙwale, don haka 87 tasa ce babu ja. Sai dai duk wanda ya ce mini ya fi Gonzalez saboda ya ci kofi uku, zan tambaye shi ya faɗa mini wanda ya riƙa jefa wa kowannensu ƙwallo.

Lamba 35 ita ce wadda nake da son rai a kanta, kuma ba zan ɓoye ba. Christian Okoye haifaffen Inugu ne, ya tafi Jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya a matsayin ɗan wasan jifan faifan ƙarfe, kuma bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba sai da ya kai shekara 23, bayan an bar sunansa a waje cikin tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984. Shekara uku kacal bayan haka Chiefs ta ɗauke shi, shi ne na 35 a jerin zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987, lambar da ta zo daidai da ta rigarsa. Ƙato ne mai nauyin fiye da kilo 110 wanda kuma yake da gudun 'yan tsere, kuma salonsa bai ƙunshi kewaye mai tsaron baya ba, ta kansa yake bi. A 1989 ya ɗauki ƙwallo sau 370, ya yi gudun yadi 1,480, ya fi kowa a duk gasar. Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan bidiyonsa zai ga maza uku ko huɗu sun rataye a jikinsa, shi kuma yana ci gaba da tafiya kamar ingarman sa da ya ƙwace igiya. Raunin gwiwa ya taƙaita zamansa zuwa kaka shida, amma ya isa. A yawan yadi Jamaal Charles mai lamba 25 ya fi shi, domin shi ne kan gaba a tarihin ƙungiyar da yadi 7,260, kuma Priest Holmes mai lamba 31 ya ci sau 27 da gudu a 2003. Kowa da lambarsa, babu mai shiga gonar wani.

Lambobin da suka fi ba ni wahala uku ne. A lamba 10, Trent Green ya jagoranci harin ƙungiyar daga 2001 zuwa 2006 cikin natsuwa, amma na ba Tyreek Hill, domin a wancan daren na 2020, ana bin Chiefs maki goma kuma tana bukatar yadi 15 a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya kafin ta rasa ƙwallo, shi ne ya sulale bayan masu tsaro ya cafke jifan yadi 44 da ya juya wasan. Wani zai ce ai ga shi na koma ga ma'aunin kofi. Ban koma ba, kaka shida ya yi yana tsorata kowace ƙungiya da gudunsa kafin a sayar da shi ga Miami a 2022. A lamba 32 kuma mutane suna gaggawar ambaton Marcus Allen saboda sunansa, alhali mafi yawan ɗaukakarsa a Raiders ya same ta, abokan gabar Chiefs na gado. Curtis McClinton ya sa lambar daga 1962 zuwa 1969, kuma shi ne ya ci wa ƙungiyar ƙwallonta a Super Bowl na farko a Janairun 1967. Duk da haka, da na auna kaka biyar da Allen ya yi daga 1993 zuwa 1997 yana tsufa amma yana ci, sai na bar masa, da ƙyar.

Ta ukun ita ce 29. Albert Lewis ya tsare baya daga 1983 zuwa 1993, ya tare jifan abokan hamayya sau 38, kuma a ƙwarewa tsantsa ina jin ya fi. Amma Eric Berry ya yi abin da ya liƙa lambar a jikinsa. A Disamban 2014 aka gano yana da sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, ya sha magani mai tsanani, ya dawo fili a 2015. A Disamban 2016 suka je wasa Atlanta, yankin da ya tashi kuma inda ya yi jinya, ya tare jifa ya ruga da ita ya ci, ya je ya miƙa wa mahaifiyarsa ƙwallon a cikin 'yan kallo. Dab da tashi, Atlanta tana gaba da ci 28 da 27, ta nemi ƙarin maki biyu da ake iya nema bayan an ci, Berry ya sake tare ƙwallon ya ratsa filin gaba ɗaya, aka tashi 29 da 28. Na ba Berry, ina sane da cewa tsofaffin magoya baya ba za su yafe mini ba.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Lamba 63 ta Willie Lanier ce, 78 ta Bobby Bell, 86 ta Buck Buchanan, ginshiƙan tsaron da ya ci kofin 1970, a zamanin da mai ƙungiyar, Lamar Hunt, yake ɗaukar 'yan wasa daga jami'o'in baƙar fata irin su Grambling da Morgan State waɗanda wasu ƙungiyoyi suke raina wa. Lamba 89 ta Otis Taylor ce, wanda ya ci ƙwallon yadi 46 a wasan ƙarshen, ya kuma rasu a 2023 ba tare da an saka shi a zauren karrama gwarazan ƙwallon Amurka da ke garin Canton ba, abin da nake ɗauka rashin adalci ne ƙarara. Will Shields mai lamba 68 ya buga wasa 224 a kaka goma sha huɗu bai taɓa fashi ba. Tamba Hali, wanda ya tsere wa yaƙin basasar Laberiya yana yaro, shi ne mai 91, Chris Jones kuma mai 95.

Akwai kuma lambobi uku da ma'aunina da na abokina duk ba sa aiki a kansu. Stone Johnson, ɗan tseren da ya wakilci Amurka a Olamfik ta birnin Rum a 1960, ya karye a wuya a wasan share fage a 1963, ya rasu kafin ya buga wasan gasa ko ɗaya, aka jingine 33 dominsa. Mack Lee Hill mai 36 ya rasu a Disamban 1965 a lokacin da ake yi masa aikin gwiwa. Ita kuwa 37 ba ta cikin lambobi goman da aka jingine a hukumance, amma babu wanda ya sake sa ta tun bayan Joe Delaney, wanda ya yi gudun yadi 1,121 a kakarsa ta farko a 1981. A ranar 29 ga Yunin 1983, yana hutu a garin Monroe na jihar Louisiana, ya ji ihun yara uku da ruwa yake shirin cinyewa a wani kududdufi da ke cikin wurin shaƙatawa. Bai iya iyo ba, ya faɗa. Yaro ɗaya ya tsira, biyu suka rasu, shi ma aka tsamo gawarsa. Shekararsa 24, ya bar mata da 'ya'ya mata uku.