An Binne Su da Rai a Cikin Haƙorina

Ni a sanina, haƙorin da aka yi wa ciko an gama da shi ke nan har abada. Shi ya sa ranar da na kurɓi ruwan sanyi na ji wani abu ya tsarga min daga turmin haƙori har tsakar ka, ban zargi cikon ba. Na zargi ruwan, na zargi kofin, har firij ɗin ma sai da na harara. Sai da ta kai ko iska ce ta shiga bakina sai na runtse ido, sannan na kai kaina wurin likitan haƙori.

Ya ɗauki hoto, ya nuna min wata 'yar inuwa a ƙarƙashin tsohon cikon, ya ce ruɓa ce ta sake tasowa ta ƙasa. Na ce, "Likita, ta ina suka bi? Ai an toshe." Ya ce cikon nan mai launin haƙori, wanda ake kira kompozit, yakan ɗan tsuke sa'ad da yake daskarewa, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ga kuma tauna ta yau da gobe, sai wata 'yar kafa ta buɗe a gefe wadda ido ba ya gani. Ƙwayar cuta kuwa wannan kafar ta ishe ta, ita da danginta. Uwar gayyar sunanta Streptococcus mutans: ta ci sukari, ta fitar da asid, asid ya narka haƙori. Na ce, "Wato ni nake ciyar da su, su kuma a bakina suke bayan gida?" Ya ce ƙwarai kuwa, ko murmushi bai yi ba.

Aka kwantar da ni a kujera. Allura a dasashi, auduga a kumatu, bututun zuƙar yawu a ƙasan harshe, ga madubi, ga injin huda. A gefensa akwai wata ɗaliba mai koyon aiki, kuma tun daga nan na daina zama mutum, na koma allon darasi. Yana huda yana bayani, ina ji, babu bakin magana.

Can sai ya kashe inji. Ya ce mata, "Nan za mu tsaya. Gefen ramin mun share shi tas har mun taɓo mai tauri. Ƙasan nan da sauran laushi, akwai ƙwayoyin cuta a ciki, amma barinsu za mu yi."

Barinsu? Na yunƙura in ce, "Likita, don Allah kwashe su duka." Abin da ya fito shi ne, "Iita, aashe uu uka." Ya dube ni da tausayi ya ce, "Sannu Malam, zafi kake ji? Miƙo allura." Kafin in girgiza kai an ƙara min wata. Na ɗaga hannu ina kwatanta shara, ɗalibar ta ɗauka yawu ne ya dame ni, ta tura bututun ciki har ya cafke min harshe. Na zare ido, suka ce fitila ce ta ishe ni, aka maƙala min baƙin tabarau. Da na ga kowace ƙara na shigar hukuncinta a kaina yake ƙarewa, sai na kwanta na yi ladab.

Daga nan aka shiga jarrabawa, ni ne takardar. Ya tambaye ta me za a shimfiɗa a ƙasan ramin kafin a zuba ciko. Ta ce kalsiyam haidiroksaid. Ya ce to, me ya sa? Ta ce kaifinsa a ma'aunin pH, mai auna tsami da kishiyarsa, ya kai 12, ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a irin wannan wuri, kuma yana zaburar da haƙori ya gina sabuwar katanga tsakanin rami da jijiya. Ya ƙara mata da cewa wani likita Bajamushe, Hermann, shi ya shigo da shi aikin haƙori tun 1920, kuma asalinsa dai farar ƙasar nan ce da ake shafa wa bango, an tace ta. Na ce a raina, to, fenti za a yi min. Aibinsa, in ji shi, yana narkewa a hankali, ba shi da ƙarfi, don haka ɗigo kawai ake sawa a inda ya fi zurfi, a rufe shi da wani abu.

Ta kawo zancen wani haɗin da ake yi da man kanumfari, wanda shi ne ƙamshin da ke tarar mutum a ƙofar ɗakin likitan haƙori. Ya ce yana kwantar da jijiya kuma yana takura wa ƙwayoyin cuta, amma yana hana kompozit daskarewa da kyau, saboda haka yau ba ranarsa ba ce. Sai wani gari mai suna MTA, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Loma Linda ta Amurka a shekarun 1990, kuma kusan sinadaransa ɗaya da simintin gini. Wannan, in ji shi, ya fi amfani in jijiya ta riga ta buɗe. Ina kwance ina lissafi: farar ƙasa, siminti, saura a ce a kawo shebur.

Wanda ya ci zaɓe shi ne gilas ayonoma, wani simintin haƙori da masana biyu, Wilson da Kent, suka fitar a Landan a farkon shekarun 1970. Yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fulorayid kaɗan-kaɗan, wanda ke rage wa ƙwayoyin ƙarfin yin asid, ya taurara haƙorin da ke kusa. Aka goge ramin da ruwan kulohekzidin mai kashe ƙwayoyin cuta, aka ɗiga farar ƙasata, aka shimfiɗa gilas ɗin, aka zuba ciko, aka haska shuɗiyar fitila don ya daskare. An rufe su. Ina ji ina gani, ko da yake ta baƙin tabarau.

Da aka kwashe kaya daga bakina na ce, "Ikita, ka inne su da ai?" Sai da na maimaita ya gane. Ya ce e, ya binne su da rai, kuma da gangan. Da ya ci gaba da haƙa don ya kamo na ƙarshe, da ya ɓula cikin jijiya, mu koma maganar cire jijiya gaba ɗaya ko cire haƙorin. Ya ce shimfiɗar tana kashe wasu, tana sa sauran su yi laƙwas, amma ƙarfinta raguwa yake da lokaci. Abin da ke gamawa da su shi ne yunwa: in bakin cikon ya rufu ruf, sukari bai isa gare su ba, ruɓar sai ta tsaya. Na so in ce ni dai da an tambaye ni, amma leɓena na ƙasa ya riga ya yi murabus.

A haka na isa gida, rabin fuska a sake, yawu na bin haɓa ban sani ba. Uwargida na ganina ta saki salati, ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta fara neman mayafi. Ina cewa allura ce, tana jin "Allah ne", tana cewa, "Ai mun sani Malam, shi za mu roƙa, tashi mu tafi asibiti." Na nemi ruwa don in nuna mata lafiyata ƙalau, na kafa kai, rabi ya bi ta gefen baki ya sauka a riga. Sai da na samo takarda na rubuta mata sannan ta zauna, yara kuwa suna bayan ƙofa suna kwaikwayon yadda nake magana.

Da yamma baki ya dawo, na zayyana mata komai, ina ɗan taƙama da sabon ilimina, har na kawo maganar yunwa. Ta gyaɗa kai kawai. Washegari na nemi gwangwanin sukari, babu. Na duba aljihun da nake ɓoye alewa, wanda na ɗauka ni kaɗai na san da shi, wayam. Na ce mata ai ba ta fahimta ba, waɗanda ke ƙasa an riga an rufe su, ko buhu na sha ba zai kai gare su ba.

Ta ce, "Na ji, Malam. Na waje fa, masu jiran a buɗe musu ƙofa, su wa zai hora?"

Na ce likita bai ce haka ba. Ta ce in tashi mu je ya faɗa a gabanta. Na tuna da bututun nan da ƙarin allura, na jawo kofin shayina na shanye shi salam.