Ku daina auna jikin 'ya'yan mutane da baki

Ba aljanu ba ne, ba kuma yanga ba ce. Yarinyar nan da ta yanke jiki ta faɗi a hostel, wadda kuke ta saka hotonta a status kuna mata addu'a, yunwa ce ta kayar da ita. Kuma bakin mutane ne ya jefa ta cikin yunwar. Wata nawa ana ce mata "kin fa yi ƙiba", "wannan tumbin fa?", "ankon nan ba zai shige ki ba"?

Duk wadda ta zauna Yelwa ko Gwallameji, unguwannin ɗalibai a Bauchi, ta san yadda hirar ɗaki ta koma. Ba a buɗe kular shinkafa sai wata ta ce ita ta daina cin abinci bayan Magariba, wata ta ce ruwan ɗumi da lemon tsami ne karin kumallonta. Mai cokali a hannu sai ta ji kunya ta ajiye. Daga nan sai shayin rage tumbi da 'yar ajinsu ke sayarwa a WhatsApp. Da yawa daga cikin irin shayin nan filasko ne a ciki, aikinsa sa gudawa. Ba kitse yake fitarwa ba, ruwan jiki yake kwashewa tare da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke buƙata ta buga daidai.

Na san za a ce ai ƙin cin abinci don tsoron ƙiba cutar Turawa ce, mu nan abincin ma nema muke. Ku bar wannan maganar. Tsadar rayuwar ce ma ke rufa wa ciwon asiri. Idan ɗaliba ta wuni ba ta ci ba, sai a ɗauka kuɗin gida ne bai iso ba. Idan ta ce azumi take, wa zai ƙara tambaya? Azumin Litinin da Alhamis sunna ce, amma wadda ba sahur, buɗe-bakinta ruwan zafi, gobe ma haka, jibi ma haka, tsoron sikeli ne ke riƙe da ita. Likitoci na kiran wannan anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Wata kuma ci take sosai, sannan ta shiga banɗaki ta zura yatsa ta amayar. Jinin al'ada ya ɗauke, gashi ya zube, jiri kullum, ƙawaye kuma suna tafa mata: "Kai, kin yi kyau, me kike sha?"

Wannan yabon shi ya fi ƙona min rai. Don Allah, 'yan'uwana mata, idan kun ga ƙawarku tana ɓoye abinci tana zabgewa, ku zauna da ita, ku raka ta asibiti. Samari masu zama bakin hanyar aji suna ba wa jikin mata maki, ku ma da hannunku a ciki.

Siririya ma ba ta tsira ba. Ita kuma "kin rame, ko ba ki da lafiya?" ake ce mata har ta je kemis ta sayi sha-ka-fashe. Dexamethasone fa, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini! Wai wa ke duba masu kemis ɗin unguwannin ɗalibai ne, da suke miƙa shi ba takardar likita?