Kwamfutar asibiti ta san bashina, amma ta san ciwon Inna?

Shekara tara ke nan ina raka mahaifiyata asibiti saboda hawan jini da ciwon suga, don haka idan ana maganar ɗakin kati ni ba ɗan kallo ba ne. Fayil ɗinta ya yi kaurin da sai da aka ɗaure shi da tsumman bandeji. Sau biyu yana ɓacewa. A karo na biyu aka buɗe mata na wucin gadi, falle biyu kacal, muka shiga wajen wani matashin likita da bai taɓa ganinta ba. Ya ce, "Mama, wane magani kike sha?" Ta ce, "Wani fari ƙarami da safe, sai mai ruwan ƙwai da daddare." Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rubuta mata lisinopril. Ni ban lura ba sai da tarin nan busasshe ya dawo ya hana ta barci kwana da kwanaki. Shekaru uku kafin nan wani likita ya cire mata wannan maganin saboda tarin, ya kuma rubuta dalili. Rubutun yana cikin fayil ɗin da ya ɓata.

Saboda haka ranar da aka ce asibitin ya koma adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, har hamdala na yi. Har gobe kuma ina goyon baya, kada wani ya karanta rabi ya ce na ce a koma takarda. Na ga amfaninsa da idona. Sakamakon gwajin jini yana isa gaban likita ba sai na yi ta safa da marwa tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin ganin likita ba. Mai ba da magani ya daina juya takarda yana hasashen abin da aka rubuta. Rasit na bogi ya ragu, masu karɓar kuɗi a bayan taga sun shiga taitayinsu.

To amma ku lura da inda aka fara sa kwamfutar. Wajen biyan kuɗi. Nan ne ba ta taɓa mantuwa. Naira ɗari biyar ta rage a asusunka, ba za ta bari a ɗebi jininka ba. Na tambayi likita ko tarihin Inna na baya yana ciki, ya girgiza kai. An fara ne daga ranar da aka kunna na'ura, shekarun baya suna can cikin sito ƙura na cin su. Wannan ne ya sa nake ganin asibitocinmu da yawa akawu suka saya, suka raɗa masa suna fayil.

Sai maganar wuta, wadda kowa ya sani amma ake tsara aiki kamar ba a sani ba. Ku tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A Afrilun shekarar kuma aka ninka kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin samun wuta mafi yawa, fiye da sau uku, manyan asibitoci da dama suna cikin rukunin. Takarda ko da fitilar waya ana karanta ta. Kwamfuta kuwa da zarar an ce "sabis ya ɗauke", likita na zaune, nas na zaune, marar lafiya na nishi a kan benci. Wata nas ta nuna mini abin da suke yi: su rubuta a takarda, in sabis ya dawo su sake shigarwa. Aiki biyu, albashi ɗaya, a lokacin da abokan aikinsu ke ta tafiya Saudiyya da Ingila. Duk asibitin da bai kafa sola da batura ba, bai kuma ajiye na'urar da ke riƙe bayanan a cikin harabarsa yadda za ta yi aiki ko babu intanet ba, ai ya ɗora wa kansa jidali ne.

Akwai kuma matsalar da sai ɗan gida ya san ta, wato sunayenmu. A asibiti ɗaya Aisha Muhammad nawa ne? Musa Ibrahim fa? Tsofaffinmu da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, sai ma'aikaci ya dubi fuska ya rubuta 1 ga Janairu. Yau mace ta ba da sunan mahaifinta, baɗi ta ba da na mijinta, wani zuwan kuma a rubuta Hajiya kaza. Mutum ɗaya, lamba uku. Mafi haɗari shi ne aron kati. Maƙwabciya ta ari katin maƙwabciya don kada ta biya kuɗin buɗe sabo, sai rukunin jinin wata ya shiga tarihin wata. A takarda, tsohuwar nas mai ido takan gano. Kwamfuta abin da aka ba ta shi take haɗiyewa, kuma mutane sun fi gaskata allo. Ina ganin haɗa fayil da lambar NIN ko zanen yatsa zai taimaka, da sharaɗin ba za a kori wanda ya zo a galabaice don ba shi da lamba ba. Kuma a sauke kuɗin kati, shi ne tushen aron.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayanan ba sa bin mai su. Da aka tura mu wani asibitin ganin likitan ido, su ma kwamfuta gare su, amma ta wani kamfani daban. Kwamfutocin biyu ba sa ga maciji da juna. Wasiƙa aka rubuta mana da biro, muka sake biyan gwajin da aka yi mako biyu da suka wuce. Ba wai abin ya gagara ba ne. Dubi ɓangaren masu ɗauke da cutar HIV a ƙasar nan: shekaru ke nan ana shigar da bayanansu a kwamfuta, ana ɗaukar zanen yatsa, cibiyoyi suna tura rahoto rumbu guda na ƙasa. Ɗaya daga cikin manhajojin an gina ta ne a kan OpenMRS, wadda kyauta ce, kuma asalinta daga aikin jinya a Eldoret ta Kenya. Sai dai kuɗin Amurka ne ya riƙe aikin, kuma mun ga yadda hankali ya tashi da aka dakatar da tallafi a Janairun 2025. Ba na kuma kiran a yi wata ƙatuwar manhaja ɗaya daga Abuja. Ingila ta gwada haka a 2002, ta narkar da fam biliyoyi, ta rushe shirin a 2011. Aikin ma'aikatar lafiya shi ne ta gindaya ƙa'ida: duk kamfanin da zai sayar wa asibiti manhaja, dole ta iya miƙa bayanai ga ta wani, kuma in kwangila ta ƙare bayanan na asibiti ne.

Sirri kuwa, Allah Ya kyauta. Na ga kalmar sirri a manne jikin allo, mutum biyar suna shiga da sunan mutum ɗaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanan marar lafiya, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Amma a garin da ma'aikacin kati zai iya zama ƙanin kishiyarki, doka ba ta isa ba sai na'ura tana rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, kuma a taɓa hukunta wani kowa ya ji.

Makon jiya mun koma asibitin Inna. Na roƙi likita ya rubuta maganar lisinopril a inda duk wanda ya buɗe zai fara gani. Ya duba, ya ce gurbin yana nan, ba a dai saba cike shi ba ne. Ya cike a gabana. Duk da haka na ɗauki hoton allon da wayata, na kuma rubuta a littafin makarantar nan mai falle arba'in da Inna ke ajiyewa cikin jakar carbinta.