Dutse Ɗaya, Fuska Biyu, Taki Iri Ɗaya

Damina na kankama, sai ga motocin taki da tsirran itatuwa sun nufi kudancin Kaduna, ana rabo bisa yawan rumfunan zaɓe da sunayen gundumomi. Ba wanda ke tambayar manomi ta wace fuskar dutse gonarsa take. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya taɓa noma a gindin duwatsun Kagoro ko tsaunukan Kwoi ya san ƙasar gefe biyu ba ɗaya ba ce. Iskar damina mai ɗauke da danshi daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma take zuwa, sai ta ci karo da dutse ta sauke ruwanta a wannan fuskar. Can ciyawa ta fi kauri, amma yawan ruwan yana wanke sinadarai zuwa ƙasa can ciki, ƙasar ta yi tsami. Ka zuba mata yuriya ko NPK kaɗai, rabinsa ya bi rafi.

Fuskar arewa maso gabas kuwa hunturu ke dukanta tun daga Nuwamba. Ƙasa ta bushe ƙaƙas, masu farautar gafiya su cinna wa jeji wuta, ta zauna tsirara har Afrilu. Sannan hadarin farko, wanda kowa ya san daga gabas yake tasowa da guguwa, ya kwashe ƙasar sama mai albarka ya bar tsakuwa. Tsiron da aka dasa a nan ba tare da rufi da ban ruwa ba, kafin ƙarshen rani ya zama kara.

Masu cewa taki taki ne, ko ina aka zuba zai yi aiki, ba su taɓa tona citta a gangare ba.

Abin takaici, kuɗin na nan. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Masana ƙasar noma kuma suna nan cike a Samaru, Zariya. Me zai hana a auna kowace fuskar dutse kafin a ɗora buhu a mota? Inda ruwa ya yi yawa a yi kunya ta gitta gangare, a jera duwatsu, a dasa ciyawar jema. Inda hunturu ke duka a hana ƙona jeji, a bar karan dawa ya rufe ƙasa. Malaman gona su hau dutsen da ƙafarsu, su daina raba buhuna a sakatariyar ƙaramar hukuma.